Wace Bishiya Ta Dace da Tsakar Gida?

Duk wanda ya san Kano ya san unguwanni irin su Kurna da Ɗorayi da Durumin Iya da Tsamiyar Boka. Waɗannan sunaye shaida ce ta irin itatuwan da magabata suka zauna a ƙarƙashinsu. Amma in mai karatu ya zaga sababbin unguwanni a yau, abin da zai fi gani shi ne darbejiya da turare da mangwaro, waɗanda babu ɗan ƙasa ko ɗaya a cikinsu. Darbejiya da mangwaro asalinsu daga yankin Indiya ne, turare kuwa daga Ostareliya. A shekarar 1928 aka shigo da darbejiya Borno, daga nan ta bazu har ta zama kamar da ita aka halicci ƙasar.

Ba wanda zai raina alherin darbejiya. Sai dai dogaro da iri ɗaya yana da hatsari. A farkon shekarun 1990 wata lalura ta auka wa darbejiya a Jamhuriyar Nijar da arewacin Nijeriya, ganye ya riƙa yin rawaya yana kakkaɓewa, rassa suna bushewa daga sama. Garin da duk inuwarsa ta darbejiya ce, cuta ɗaya ta isa ta bar shi a rana. Itatuwanmu na gida kuwa sun shafe dubban shekaru suna fama da farinmu da gararmu da hunturunmu, kuma tsuntsaye da ƙudan zuma na wannan ƙasa sun saba da furanninsu da 'ya'yansu.

Matsalar ita ce, da an ce wa mutum ya shuka itacen gida, sai tunaninsa ya tafi ga kuka ko rimi ko gamji ko ɗorawa. Waɗannan itatuwan fili ne, na dandali da gona da bakin kasuwa. Filin gida na birni yawanci ƙafa 50 ne da ƙafa 100, wato kimanin mita 15 da mita 30, kuma gini ya cinye mafi yawansa. Gawo kaɗai yana iya kai tsawon mita 30. Abin da tsakar gida take bukata shi ne matsakaiciyar bishiya, wadda in ta gama girma ba za ta wuce mita 8 zuwa 15 ba.

Kafin a dubi sama, a fara duban ƙasa. Mutane da yawa suna zaton saiwar bishiya tana nutsawa ne kai tsaye kamar yadda gangar jikinta ta miƙe. Hasali ma mafi yawan saiwoyin da suke tsotsar ruwa da abinci suna cikin mita ɗaya na saman ƙasa, kuma suna bazuwa har su wuce iyakar inuwar bishiyar, wani lokaci ninki biyu ko uku. Saiwa tana ƙara yaɗo duk inda ta tarar da danshi, kuma a cikin gida danshi yana wurin rijiya da masai da bututun ruwa da makwararar wanka. Dangin ɓaure, wato ceɗiya da durumi da gamji, sun yi ƙaurin suna wajen wannan. Inuwarsu babu kamarta, amma saiwarsu tana ɗaga daɓe, ta tsaga katanga, ta kutsa cikin masai. A bar su a ƙofar gida inda akwai sarari. Ko matsakaiciyar bishiya ma, ya kamata a ba ta tazarar aƙalla mita 5 daga gini da rijiya, a kuma ɗaga kai a tabbata babu wayar lantarki a samanta.

Abu na biyu shi ne ruwan sama. Zariya tana samun sama da milimita 1,000 a shekara, Damagaram kuwa ba ta cika kai 500 ba, Kano da Katsina da Sakkwato suna tsakanin waɗannan. Saboda haka bishiyar da ta yi kyau a gidan ɗan'uwanka na Zariya tana iya zama wahala a Daura.

A inda ruwa yake da ƙaranci, ni dai kurna nake sa wa a gaba. Dalilina shi ne lokacin da ake bukatar inuwa. Yawancin itatuwan dajinmu suna zubar da ganye da rani don su rage asarar ruwa, domin ta ƙananan kafofin da ke jikin ganye ne ruwa yake fita. Wannan dabara ce mai kyau ga bishiya, amma ba ta yi wa maigida rana ba, tunda a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, a lokacin ne zai tarar da ita tsirara. Kurna ba ta yin haka. Uwar saiwarta tana nutsawa can ƙasa inda danshi bai ƙare ba, don haka tana riƙe ganyenta a bazara. Ga 'ya'ya da yara suke so, ga fure da ƙudan zuma suke rububi. Aibinta ƙaya ce, kuma maganinsa shi ne a sassabe rassan ƙasa tun tana ƙarama har kanta ya wuce tsayin mutum, a kuma riƙa share ƙarƙashinta.

Aduwa, wadda masana suke kira Balanites aegyptiaca, ta fi kurna jure fari, kuma da wuya ta wuce mita 10. Ana shan 'ya'yanta, ana fasa ƙwallon a sami mai, kuma da itacenta ake sassaƙa allo. Akwai wani abin sha'awa game da ita: 'ya'yanta suna ɗauke da wani sinadari mai kumfa wanda yake kashe dodon koɗin da ke yaɗa cutar tsargiya, abin da aka bayyana a Sudan tun shekarar 1933. Amma ƙayarta doguwa ce mai ƙarfi, kuma girmanta na nawa ne. A gidan da ƙananan yara suke yawo ba takalmi, gara a kai ta lungun bayan gida ko kusa da turken dabbobi.

Daga Zariya zuwa kudu, ko a gidan da yake kusa da fadama, ɗinya ce zaɓi. Ba ta da ƙaya, ganyenta yana da faɗi, inuwarta tana da sanyi. Ana shan baƙaƙen 'ya'yanta, ana yin maɗi da su, ana kuma cin ɗanyen tohonta. Sai dai tana iya haura mita 15 in ta sami ƙasa mai kyau, don haka tana son gida mai yalwa, kuma 'ya'yan da suka faɗo suna ɓata daɓen siminti. Taura ba ta kai ta girma ba, tana kuma yarda da ƙasa mai tsakuwa da marmara wadda wasu itatuwan suke ƙi. Wanda kuma ado yake nema, ya tuna da marga mai zubo furanni rawaya kamar an rataya su, da sansami mai fure ruwan hoda. Dukansu suna yin fure ne da rani, lokacin da gari ya yi fari fat. Abin mamaki ne a ce ana sayen furannin ƙetare da tsada alhali waɗannan suna daji.

Danya tana da wani darasi da ya kamata ɗalibai su riƙe. A wannan bishiya, furen namiji da na mace ba sa zama a itace ɗaya: wata danyar namiji ce, wata mace. Wanda ya shuka ƙwallo ɗaya yana iya jira shekara da shekaru, a ƙarshe ya tarar namiji ya raina, ba zai taɓa ganin ɗa ko ɗaya ba. Haka kanya take. Hanyar kauce wa wannan ita ce a yanko reshe mai kauri daga danyar da aka san tana 'ya'ya, a kafa shi a farkon damina, domin danya tana kamawa ta reshe. Abin da ya tsiro zai zama mace kamar uwarsa, amma duk da haka sai da namiji a kusa, wanda ƙwari za su ɗebo garin furensa.

Samun dashen waɗannan itatuwa shi ne babban cikas, domin masu sayar da dashe a bakin titi abin da ake saya suke rainawa. Makaranta tana iya cike wannan giɓi da ɗan ƙaramin gandun raino. Irin marga da na kurna da na ɗinya suna da tauri, ruwa ba ya ratsa su da sauri, shi ya sa suke daɗewa ba su tsiro ba. A daji, bi ta cikin akuya ko saniya ne yake lallasa ɓawon. A makaranta ana iya goga gefen irin marga a kan dutse, ko a zuba masa ruwan zafi a bar shi ya kwana, ƙwallon kurna kuwa a fasa shi a hankali a fitar da ƙwayar. Malami yana iya raba iri kashi biyu, a yi wa kashi ɗaya haka a bar ɗayan, ɗalibai su riƙa ƙirga tsiro kowace safiya. A kula kada dashe ya daɗe a leda, domin uwar saiwar takan nannaɗe a ciki, kuma bishiyar da ta fara rayuwa da nannaɗaɗɗiyar saiwa ba ta cika yin ƙarfi ba.

Wani lokacin ma ba a bukatar dashe. Tun daga shekarun 1980 manoman yankin Maraɗi suka riƙa barin tohon da yake fitowa daga tsofaffin kututture, suna zaɓen reshe ɗaya ko biyu su sare sauran, kuma ta haka aka dawo da miliyoyin itatuwa a gonakin kudancin Nijar. Wanda ya sayi fili a bayan gari ya duba da kyau kafin ya sa a share shi. In akwai kututturen aduwa ko taura a wurin da ya dace, to yana da saiwar da ta riga ta yi shekaru a ƙasa, kuma tohonta zai yi wa kowane dashe fintinkau.

Lokacin dasawa shi ne bayan damina ta kankama, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli. A haƙa rami mai faɗi da zurfin kimanin rabin mita, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a cire ledar gaba ɗaya, kuma kada a binne wuyan dashen fiye da yadda yake a da. A kewaye shi da ƙaya ko kwando saboda awaki, a riƙa duba gindinsa saboda gara. A ranin farko da na biyu yana bukatar ban ruwa: bokiti guda sau biyu a mako ya fi ɗan yayyafi kullum, domin ruwan da ya nutse shi ne yake jan saiwa zuwa ƙasa.