Ciwon Matsewar Jijiyar Wuyan Hannu: Tiyata da Hanyoyin Kariya

Tun a shekarar 1700 wani likita ɗan ƙasar Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan da sana'o'i kan jawo wa masu yin su. Ɗaya daga cikin irin waɗannan cututtuka da aka fi sani a yau shi ne matsewar jijiyar wuyan hannu.

A wuyan hannun mutum akwai wata 'yar ƙunƙuntar mashiga. Ƙananan ƙasusuwa takwas ne suka kewaye ta ta ƙasa da gefe, sa'annan wani tantani mai tauri ya rufe ta ta sama. Ta cikinta ne jijiyoyi tara masu lanƙwasa yatsu suke wucewa, tare da wata jijiya guda mai kai saƙon ji zuwa ga babban yatsa, da manuni, da na tsakiya, da rabin na huɗu. Da zarar wurin ya kumbura, sai wannan jijiya ta matsu. Daga nan yatsun kan yi dindiris, ko a ji kamar tafiyar kiyashi, musamman da dare, amma ban da ƙaramin yatsa, domin jijiyarsa daban take.

Ciwon ya fi kama mata, kuma juna biyu da ciwon sukari da ƙiba suna ƙara haɗarinsa. Haka nan aikin da ake maimaitawa da ƙarfi, kamar na mahauci ko kafinta, da riƙe na'ura mai girgiza. Binciken masana bai nuna alaƙa mai ƙarfi tsakaninsa da buga kwamfuta kaɗai ba, ko da yake bugun kan tsananta shi ga wanda ya riga ya kamu.

Likita kan fara da sa wa majiyyaci abin ɗauri mai kama da karan ɗori, wanda zai miƙar da wuyan hannu lokacin barci, ko kuma ya yi masa allurar rage kumburi. Idan abin ya faskara, sai tiyata. Akan kashe zafin wurin da allura, a tsaga tantanin nan domin jijiyar ta sami sarari. Yawanci aikin ba ya kai rabin sa'a, kuma a ranar majiyyaci kan koma gida.

Sai dai warkewa ta fi tiyatar tsawo. A kwanakin farko ana so a riƙa ɗaga hannun sama da ƙirji, ana kuma motsa yatsu a hankali. Akan cire ɗinki bayan kwana 10 zuwa 14. Zafin dare kan tafi da wuri, amma aiki mai nauyi sai bayan kamar mako shida, ƙarfin damƙa kuwa kan ɗauki wata biyu ko uku. Wanda ya yi jinkiri har naman gindin babban yatsansa ya shanye, mai yiwuwa ne hannun ba zai koma yadda yake ba.

Saboda haka ne masana suke jaddada daidaita aiki da jikin mai yin sa. Mai buga kwamfuta ya zauna yadda wuyan hannunsa zai miƙe sambal, gwiwar hannu kuma ta yi daidai da tsayin tebur. Akwai allon madannai da aka raba gida biyu, da linzamin kwamfuta mai tsayuwa wanda ake riƙewa kamar ana musafaha, da manhajar da ke mayar da magana rubutu. Mai aikin hannu ya nemi kayan aiki masu kaurin ƙota, ya riƙa wasa wuƙarsa, ya kuma riƙa ɗan hutawa a kai a kai. Ɗalibi ma ya sassauta riƙon biro.

Waɗannan dabaru suna rage wahalar hannu, amma ba sa buɗe jijiyar da ta riga ta matsu ƙwarai. Duk wanda dindiris ɗin yatsu ya riƙa tashe shi daga barci har tsawon makonni, ko kofi ya fara suɓuce masa daga hannu, to asibiti ya kamata ya nufa, tun ciwon bai ci naman babban yatsa ba.