Man amortisa mai bin maganaɗisu: mene ne shi, kuma ina haɗarinsa?

Wasu matasa sun tambaye mu labarin wani baƙin mai da ake samu cikin amortisar wasu motoci, wato ƙarfen da ke rage wa mota girgiza. Wai in aka kusanto masa maganaɗisu sai ya yi kauri. To gaskiya ne, amma babu wani asiri a ciki.

Mai ne aka gauraya da garin ƙarfe mai laushi ƙwarai. Cikin amortisar akwai naɗaɗɗiyar waya. In kwamfutar motar ta tura mata lantarki, sai garin ƙarfen ya jeru, man ya yi kauri nan take; in aka janye, ya koma ruwa. Haka motar ke daidaita kanta da ramukan hanya. Injiniya Jacob Rabinow ne ya ƙirƙiro dabarar a Amurka a 1948, kuma a 2002 aka fara sa irin wannan amortisa a motar Cadillac. Ana kuma amfani da man a gadoji da ƙafar roba ta waɗanda aka yanke wa ƙafa. Amma galibin motoci da baburan da ke bin hanyar Matamaye zuwa Damagaram ko Daura, man amortisarsu na gama-gari ne.

Ga inda haɗarin yake. Amortisa da yawa na ɗauke da iska a matse. In aka jefa ta wuta ko aka yanka ta da walda, tana iya fashewa. Maƙera da masu sayen tsofaffin ƙarafa, a kula.

Man nan ba magani ba ne. Kada a shafa shi a miki, ko ƙuna, ko gyambon dabba. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko lambun rake, don ruwan fadamarmu a kusa yake. Kada a zuba shi a gorar ruwan sha, yara na iya ɗauka.

In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta na minti 15. In yaro ya haɗiya, kada a sa shi amai, don man na iya faɗawa huhu. A kai shi asibiti maza-maza.

Allah ya kiyaye mu baki ɗaya.