Taro Kyauta, Riba Daga Ina? Yadda Dandalin Jama'a a Intanet Ke Samun Kuɗi

Akwai wani nau'in kamfanin intanet da ba shi da hajar kansa. Jarinsa jama'a ne: su ke rubutu, su ke karantawa, su ke ɗora hoton abin sayarwa, su ke janyo 'yan'uwansu. Mai kamfanin fili kawai ya share, ya gindaya dokoki, ya tsaya yana kula. Facebook da YouTube da Wikipedia duk a kan haka suke tsaye, haka ma Nairaland, wanda Seun Osewa ya buɗe a Najeriya a 2005. Tara jama'a ba shi ne abin wahala ba, tun da shiga kyauta ce. Wahalar tana wajen gano wanda zai zura hannu aljihu a cikin taron, domin na'urar da ke ajiye bayanai kuɗi take ci, ga data, ga man janareto, ga haƙƙin masu aiki.

Mai biyan ba ya wuce ɗaya daga cikin mutum huɗu: mai talla, ko mai amfani da dandalin, ko mai cinikin da za a cire wa la'ada, ko mai bayar da gudummawa. A manyan ƙasashe akwai na biyar, wato mai zuba jari, wanda zai ɗauki asarar shekaru har taron ya cika. Da irin wannan haƙuri WhatsApp ya rayu har Facebook ya saye shi a 2014 a kan kusan dala biliyan 19. Irin wannan jari a Najeriya akasarinsa Legas yake tsayawa. Shi ya sa a ƙasar Hausa waɗanda suka fi gwada hanyoyin nan da gaske ba injiniyoyin kwamfuta ba ne. 'Yan fim ne da marubuta littattafai, waɗanda tsohuwar kasuwarsu ta rushe, dole ta sa suka bi masu kallo da masu karatu zuwa cikin waya.

Talla ce hanya ta farko, kuma Kannywood ce ta fi saninta. Bayan masu satar fasaha sun karya kasuwar faifan CD, ga kuma tashar Arewa24 da ta buɗe a 2014 ta saba wa mutane da fim mai dogon zango, sai furodusoshi suka koma YouTube. A 2020 Lawan Ahmad ya fara sakin Izzar So a tasharsa ta Bakori TV, a shekarar kuma Labarina na Aminu Saira ya fito, aka riƙa kallonsa a Arewa24 da tashar Saira Movies. Tsarin YouTube a bayyane yake. Tasha mai dogon bidiyo ba ta samun kaso daga kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu. In ta cika sharuɗɗan, kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar da aka saka a dogon bidiyo nata ne, sauran na kamfanin. Ba a turo kuɗin sai sun kai dala 100.

Abin da sabon shiga bai cika sani ba shi ne, kallo ya fi kallo tsada. Masu talla gasar farashi suke yi a kan idon mai kallo, kuma sun fi sa kuɗi a kan wanda suke ganin zai iya sayen kayansu. Don haka Bahaushen da ya kalli fim a Landan ko Jidda ya fi kawo wa tasha kuɗi nesa ba kusa ba a kan wanda ya kalla a Tambuwal, alhali fim ɗaya suka gani. Abin da ke ɗan rufa asiri shi ne da dala ake lissafin. Da Babban Bankin Najeriya ya saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, sai kuɗin YouTube ya ƙara auki, duk da cewa kuɗin mai da na hayar kayan aiki su ma ba su zauna ba.

Akwai kuma mai kallon da ba ya shiga lissafi sam. A gari irin Jabo, a ƙaramar hukumar Tambuwal ta jihar Sakkwato, da ƙauyukan da ke tsakaninta da Kebbe, ba kowa ke iya ƙona data a kan fim na awa guda ba. Abin da aka saba shi ne a je wurin mai cajin waya. Yana zaune a rumfarsa da ƙaramin janareto ko farantin sola, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta, ga kwamfuta a gefe. Shi zai sauke sabon kashi sau ɗaya, ya riƙa tura wa mutane a memori a kan 'yan canji, su kuma su tura wa juna ta manhajar Xender a majalisa. Fim ya zaga gari, an san jarumansa, ana muhawara a kan abin da zai faru mako mai zuwa, amma a wurin YouTube mutum ɗaya ne ya kalla. A wannan cinikin mai caji ne ya ci riba, furodusa kuwa suna ya samu.

Maganin da 'yan fim suka samo yana da hikima: su dasa tallar a cikin fim ɗin kansa. Kafin a fara, ko a tsakiya, sai ga tallar mai sayar da filaye, ko makaranta, ko shagon atamfa, ko mai maganin gargajiya, wani lokaci jarumin ne da kansa zai yi ta. Irin wannan talla ba ta fita ko an tura fim sau dubu, kuma kai tsaye ake biyan furodusa, babu mai raba kuɗin da shi. Da haka mai kallon memori ya dawo cikin lissafi. Illar ita ce idan tallar ta yi yawa labari ya kan koma ɗan rakiya, kuma babu mai tantance gaskiyar abin da wasu masu maganin ke faɗa.

Hanya ta biyu ita ce a sa mai kallo ko mai karatu ya biya da kansa. Northflix, da aka buɗe a 2019 don fina-finan Hausa, da manhajar Arewa24 ta kallo a waya, sun bi tsarin kuɗin shiga irin na Netflix. Tsarin yana da tsabta, sai dai mai biya sau biyu yake biya, kuɗin shiga da kuɗin data, ga shi yana da tabbacin cewa akwai wani fim kyauta a YouTube yana jiran sa.

Inda biyan kai tsaye ya kama ƙasa sosai shi ne wurin marubutan onlayin, waɗanda mafi yawansu mata ne. Su ne magadan adabin kasuwar Kano, na zamanin Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa, amma ba su da maɗaba'a, ba su da dillali. Marubuciya a wayarta take rubutu. Za ta fara sakin shafukan farko kyauta a zaurukan WhatsApp da Facebook da Wattpad, kullum shafi ɗaya ko biyu, masu karatu suna sharhi, suna zagin mugun miji, suna roƙon kada a kashe wance. Daidai inda labari ya ɗauki zafi sai ta sanar da cewa shafukan kyauta sun ƙare. Mai son ci gaba ta tura 'yan ɗaruruwan naira ta asusun banki ko katin waya, ta aiko da hoton shaidar biya, a saka ta a zauren waɗanda suka biya. Wasu kan buɗe zaure na musamman mai tsada, inda ake samun shafuka da yawa a rana. A saman shafi kuma akwai tallar mai turaren wuta, ko kayan mata, ko kayan kicin, wadda ita ma ta biya marubuciyar. Ke nan littafi ɗaya yana kawo kuɗi ta ƙofa biyu, ta uku kuma ita ce masu tashoshin YouTube da ke karanta littattafai da murya, idan sun yi adalci sun nemi izini sun biya.

Wannan ciniki bai dogara da wata fasaha mai zurfi ba, da yarda ya dogara. Mai karatu tana biya tun littafi bai kammala ba, don ta san marubuciyar ba ta saba barin labari a hanya ba. Marubuciya kuma tana saki ne bisa amanar cewa ba za a fitar mata da shi waje ba, amanar da ake ci kusan kullum. Mutum ɗaya ya isa ya kwafe shafi ya watsa a zaure goma, shi ya sa da wuya a buɗe littafin kuɗi ba a ci karo da gargaɗi da Allah ya isa a farkonsa ba. Ga kuma iyaka: zauren WhatsApp ba ya ɗaukar fiye da mutum 1,024, kuma duba shaidar biya ɗaya bayan ɗaya aiki ne da ke cinye lokacin rubutu.

Wannan giɓi ne manhajojin littattafai suka zo cikewa: su karɓi kuɗi, su kulle littafin yadda ba a iya kwafa, su cire kasonsu. OkadaBooks, da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, ta samu marubutan Hausa da dama, amma ta rufe a watan Nuwamban 2023. ArewaBooks tana bin irin wannan tsari ga masu karatun Hausa. Darasin OkadaBooks shi ne kaso kaɗan daga littafi mai araha ba ya riƙe kamfani sai ciniki ya yi yawan gaske. Wattpad kuwa, da ya tara marubutan duniya suna zuba masa labarai kyauta, kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi a 2021 a kan fiye da dala miliyan 600, marubutan da suka cika shi ba su da kaso a cinikin.

La'ada, hanya ta uku, ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa shiga kara ko kasuwar hatsi. Dandalin saye da sayarwa na Jiji, wanda ya fara a 2014 ya kuma karɓe harkokin takwaransa OLX a Najeriya a 2019, yana barin kowa ya saka kayansa kyauta, sai mai son tallarsa ta hau sama ya biya. A Arewa an fi yin irin wannan a zaurukan saye da sayarwa, inda mai zaure ke karɓar kuɗin talla, wani lokaci ya tsaya tsakani ya riƙe kuɗi har kaya su isa tasha. Duk wannan bai yiwu a karkara ba sai da masu POS na Moniepoint da OPay da ire-irensu suka bazu, musamman bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tilasta wa mutane koyon tiransifa. Matar da ba ta da asusu a Jabo tana iya miƙa wa mai POS kuɗi a hannu, ya tura wa marubuciya a Kano ko mai atamfa a Kantin Kwari, ya cire nasa.

An kuma gwada tara jari daga jama'a. Farmcrowdy da ThriveAgric sun riƙa karɓar kuɗin mutanen birni ta intanet suna zuba wa manoma, da alƙawarin riba bayan girbi. A 2020, lokacin korona, ThriveAgric ya kasa biyan masu zuba kuɗi a kan lokaci, aka yi ta ƙorafi kafin daga baya ya biya, kuma a 2021 hukumar SEC mai kula da hannayen jari ta fitar da ƙa'idojin wannan harka. Gudummawa zalla, irin wadda ke riƙe da Wikipedia ba tare da talla ba, a nan ta fi tafiya ga tashoshin wa'azi da gidauniyoyin taimakon marasa lafiya. Ba ta cika ciyar da ɗan kasuwa ba.

Dukkan hanyoyin nan suna da rauni guda, wanda Hausawa suka riga suka faɗa: zanen aro ba ya rufe katara. Tasha da zaure da shafi duk a filin wani suke. YouTube na iya rufe tasha saboda ƙorafin haƙƙin mallaka, lambar WhatsApp na iya tafiya da mabiyan shekaru. Gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, duk mai ciniki ta waya a can ya zauna. A Janairun 2025 hukumar NCC mai kula da sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, a watan Mayun shekarar kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango har sai an kawo su ta duba. Mai ƙofar samu ɗaya, kowanne daga cikin waɗannan ya isa ya durƙusar da shi. Masu ɗorewa su ne masu haɗa talla da kuɗin shiga, suna kuma ajiye lambobin abokan cinikinsu a wani wuri dabam.

A ɓangaren doka, shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a dokar sababbin kamfanonin fasaha a watan Oktoban 2022, wadda ta tanadi sauƙin haraji da asusun tallafi. Sai dai kafin a ci moriyarta dole kamfani ya yi rajista da hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, kada ya wuce shekara goma da kafuwa, sannan ya nemi shaidar hukumar NITDA mai kula da bunƙasa fasahar zamani. Marubuciyar da ke da zaure uku da mai tashar da ke aiki daga ɗakinsa akasari ba su da ko rajistar farko, don haka har yanzu dokar ba ta san da su ba.