Wayland da Matsalar Auna Launin Allo

Da wuya a sami allon kwamfuta biyu da ke nuna ja iri ɗaya. Shi ya sa masu ɗab'i da gyaran hoto ke ɗora na'urar auna launi a kan allo, manhaja irin ArgyllCMS ta riƙa nuna launuka bi da bi, ta adana sakamakon a fayil na ICC. A tsohon tsarin X11 na Linux, kowace manhaja na iya sauya launin allo kai tsaye. Sabon tsarin Wayland ya hana haka, ya damƙa ragamar ga manhajar da ke haɗa tagogi, kuma sai a Fabrairun 2025 aka amince da ƙa'idarsa ta sarrafa launi.

Sai dai awo na buƙatar launi ya isa allo ba tare da an taɓa shi a hanya ba, in ba haka ba gyaran aka auna, ba allon ba. Masu adawa da ba manhajoji damar aika launi kai tsaye zuwa allo na cewa damar za ta sa kowace manhaja ta jagula wa sauran launi, kuma da gaskiyarsu. Amma ba kowa za a ba ba. Izinin mai kwamfuta, na ɗan lokaci, ga manhajar awo kaɗai ya wadatar, kamar yadda ake neman izini kafin ɗaukar hoton allo.