Kamfanin Jarida Tsakanin Dokar Kasuwanci da 'Yancin Faɗin Albarkacin Baki



A ce mutum biyu a nan Badawa sun tara jari, ɗaya yana nufin buɗe gidan burodi, ɗaya kuma gidan rediyo. Dukansu za su yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, su biya haraji, su biya albashi. Daga nan hanya ta rabu, domin hajar na biyun magana ce, ita kuwa magana Tsarin Mulki ya yi mata tanadi na musamman.

Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa, har da kafa kafar yaɗa shi. Amma a cikin wannan sashe aka yi togiya: ban da gwamnati, ba mai mallakar rediyo ko talabijin sai da iznin Shugaban Ƙasa. Wato mai jarida ya fi mai rediyo sakewa tun daga tushe. Hujjar da akan bayar ita ce, zangon watsa shiri kaɗan ne, tilas a raba shi bisa ƙa'ida. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai wanda ke riƙe da lasisinka yana riƙe da harshenka.

Wannan dabara ta girmi Nijeriya kanta. Dokar Jaridu ta 1903 a Ikko ba ta hana kowa rubutu ba, cewa kawai ta yi mai jarida ya ɗauki alkawarin fam 250 tare da masu tsaya masa. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984 ta haɗa biyun: aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor shekara guda, aka ci kamfanin Guardian tarar naira 50,000. Ɗaurin shi jama'a suka riƙe, alhali tarar ita ce gargaɗin da masu jari suka fi ji.

Da aka kafa Hukumar NBC a 1992, 'yan kasuwa suka sami ƙofa, har Freedom Radio ta fara aiki a Sharaɗa a 2003. Amma kada mu ɗauka duk horon Hukumar zalunci ne. A Fabrairun 2013, bayan kashe masu allurar shan-inna a Kano, ta dakatar da lasisin Wazobia FM saboda shirin Sandar Girma, wanda ya soki allurar kwanaki kaɗan kafin kisan. Maganar da ka iya jawo asarar rai ba a bar ta haka nan. Abin tambaya shi ne, wa zai yanke hukunci? A ganina bai dace hukuma ɗaya ta zama mai ƙara, ta zama alƙali, kuma ta zama mai karɓar tara ba, balle tashar da aka rufe tana da ma'aikata da yawa waɗanda ba su ce uffan ba.

Kotu ta taɓo wannan batu. A Maris 2019 NBC ta ci tashoshi 45 tarar naira 500,000 kowace. Ƙungiyar Media Rights Agenda ta kai ƙara, a Mayun 2023 kuma Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya soke tarar, ya ce cin tara aikin kotu ne. Ikon bayar da lasisi da karɓe shi kuwa, hukuncin ya bar shi inda ya same shi.