Fayil Ɗinka Ya Koma Kwamfuta: Abin da Ya Kamata Majinyaci Ya Sani

Manyan asibitocinmu sun fara barin fayil na takarda, suna zuba bayanan marasa lafiya a kwamfuta. Amfanin a fili yake. Fayil ya daina ɓacewa a ɗakin kati, mai ba da magani ya huta da kokawa da rubutun likita, sakamakon gwaji kuma yakan riga mai shi isa gaban likita.

Sai dai tsarin ya sauya yadda ma'aikata ke hulɗa da majinyaci, da kuma junansu. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2016 ya gano cewa duk awa ɗaya da likita ya yi da marasa lafiya, yakan yi kusan awa biyu a kan kwamfuta da aikin tebur. Shi ya sa za ka ga kana bayani, idon likita na kan allo. Ba wulaƙanci ba ne, aikin ne ya raba masa hankali. Haka tsakaninsa da nas: abin da a da suke tattaunawa a bakin gado, yanzu sau da yawa rubutawa kawai ake yi, kowa yana zaton ɗan'uwansa ya karanta. Kuskure kuwa in ya shiga, duk wanda ya buɗe fayil ɗin zai ɗauke shi a matsayin gaskiya.

Saboda haka, kada ka ara wa kowa katinka, ko da ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Rukunin jininsa da cutarsa za su gauraya da naka, wata rana a yi maka magani da bayanin wani. Ka tabbatar an rubuta sunanka da shekarunka daidai. In akwai maganin da jikinka ba ya karɓa, ka faɗa da bakinka duk zuwa, kada ka ce ai yana cikin kwamfuta.

Ka kuma adana takardun gwajinka da sunayen magungunan da kake sha, domin wuta na ɗaukewa, sabis na yankewa. Ko a Ingila, harin intanet na WannaCry a watan Mayun 2017 ya tsayar da kwamfutocin asibitoci, aka soke ganin likita kusan 19,000.

Sirrinka ma haƙƙinka ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 sun wajabta wa asibitocin Najeriya tsare bayanan majinyaci. Kasancewar mutum ma'aikacin asibiti bai ba shi izinin leƙa fayil ɗin maƙwabciyarsa ko surukinsa ba. In ka ji labarin cutarka yana yawo a unguwa, ka kai ƙara wurin hukumar asibitin a rubuce, ka nemi a bincika wanda ya buɗe fayil ɗin.