AMSOSHIN TAKARDUNKU: Ina Ake Samun Wasan Makaɗa Idan An Shiga Birni?

 Takardar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi a ƙasar Malumfashi. Ga abin da yake cewa:

TAMBAYA: Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ni mai kai masara da waken suya ne kasuwar Dawanau a Kano. Wani lokaci sai in kwana biyu ko uku ina jiran kuɗina, babu abin yi sai zaman masauki. Mahaifina yakan ba mu labarin yadda suka riƙa kallon Shata a Funtuwa, ni kuwa ban taɓa ganin babban makaɗi ido da ido ba, sai dai a waya. Don Allah a ina ake samun irin wannan wasa a birni, kuma ta yaya baƙo zai sani?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda, Allah ya kawo kasuwa. Ka kuwa yi tambaya a gidanta, domin yankinku ba baƙon kiɗa ba ne. A Funtuwa Alhaji Mamman Shata ya yi zamansa, shi da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999 aka rufe shi a Daura. A nan ne kuma Hajiya Barmani Coge ta yi tashen amada har ta rasu a 2013. Ko a cikin mawaƙan zamani, ai Dauda Rarara mutumin Kahutu ne ta ƙasar Danja.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne, makaɗin Hausa ba shi da rumfa kamar mai sayar da taki, wadda kullum ka je za ka tarar da shi a zaune. Sabga yake bi. Inda ake biki ko naɗi ko dambe ko hawa, nan yake. Saboda haka kada ka shiga birni kana tambayar ina gidan kiɗa, za a nuna maka inda ba ka so. Ka tambaya, yau wace sabga ake yi, kuma wa aka gayyato?

A da can, gidajen silima da manyan otal su ne wurin ajo da wasan ƙofa, a biya a shiga. Yawancin silimun nan yanzu an rufe su, wasu sun zama shaguna. Tun kuma daga shekarar 2000, da jihohinmu suka ƙaddamar da Shari'a, wasan dare ya ja baya ƙwarai. Amma kiɗa bai mutu ba, wuri kawai ya sauya. Bari in lissafa maka inda ake samunsa.

Na farko, kuma wanda ya fi dacewa da kai, gidan dambe. A Kano ana yi a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari. Akasari bayan la'asar ake farawa a tashi wajen magariba, kuɗin ƙofa kuma bai taka kara ya karya ba. A can za ka ji kalangu na gaske, fata da igiya, makaɗi yana kiran taken ɗan dambe, shi kuwa yana kirari tsikar jikinsa na tashi. Wanda ya taɓa jin yadda marigayi Ɗan Anace ya waƙe Shago a kaset, to a gidan dambe zai ga inda irin wannan waƙa take fitowa. Ka gama cinikinka da rana, ka yi kallo, ka koma masauki da sauran haske.

Na biyu, ƙofar fada. Bisa al'ada, ranar Alhamis da yamma, wato daren Juma'a, makaɗan sarki sukan taru su yi busa da kiɗa a ƙofar gidan sarki, da kakaki da algaita. Wannan ba a biyan ko kwabo, sai dai ladabi. Ka tsaya inda dogarai suka ce a tsaya. Idan kuwa Salla ta zo, duk kayan kiɗan sarauta fitowa suke yi, har da tambura a kan raƙuma. A Katsina ana taruwa a filin Kangiwa, a Zariya a ƙofar fada, a Daura kuma ga Sallar Gani a watan Maulidi. Hawan Daushe na Kano ya yi suna har hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin kayan gadon duniya a 2024. Sai dai akwai shekarun da aka dakatar da hawan saboda tsaro, don haka ka saurari sanarwa kafin ka ɗaura niyya. Kada kuma ka raina na gida, ai ranar da aka yi naɗi a fadar Galadiman Katsina a Malumfashi ko ta Sarkin Maska a Funtuwa, makaɗan da kake nema a birni su ne za su zo har ƙofarka.

Na uku, bikin aure. Yau a nan mawaƙa suka fi samun abinci, musamman zaman da ake kira majalisi. Wanda aka yi a fili a unguwa, kowa yana iya tsayawa ya kalla. Wanda aka yi a ɗakin taro na haya kuwa sai da kati, kada ka je ka yi cirko-cirko a ƙofa a wulaƙanta ka. Amada da kiɗan ƙwarya na cikin gida kuma sha'anin mata ne, namiji ba ya kutsawa.

Na huɗu, wasan Salla na mawaƙan zamani, wanda ake yi a filayen wasa da ɗakunan taro, ana sayar da tikiti. A nan sai in ja kunnenka. Da yawa daga cikinsu faifai ake sa musu suna bi da baki. In dai abin da mahaifinka ya gani kake nema, wato mawaƙi a gaba, 'yan amshi a baya, makaɗa na gumi, to ka tambaya tun kafin ka saya.

Ka lura da lokaci kuma, kai da kake manomi ka fi ni sani. Da damina wasa yana ƙaranci, kowa yana gona, aljihu ya bushe. Da kaka, an sayar da auduga da masara, sai aure da dambe da kokawa su ɓarke. Da azumi makaɗa sukan rataye ganga, sai tashen yara daga goma ga wata. Mako guda bayan kowace Salla kuwa, ko ba ka nema ba za ka ji.

To wa za ka tambaya? Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Fara da mai masaukinka ko dillalinka a Dawanau, shi ne ba zai so ka shiga wahala ba tunda kuna da gobe. Sai mahauta, don kalangu nasu ne tun kaka da kakanni, da wuya a yi dambe a gari Sarkin Fawa bai sani ba. Sai maroƙa da sanƙira, waɗanda sanin inda ake sabga shi ne sana'arsu. Sai 'yan kamasho a tasha da masu tura waƙoƙi a waya. Ka riƙa kuma kasa kunne ga sanarwar rediyo. Idan kana da babbar waya, mawaƙa suna sanar da wasanninsu a Facebook da TikTok, amma ka tabbata shafin nasu ne, don na bogi sun yi yawa.

Ni kaina an taɓa yi mini. Ina makarantar horon malamai, muka ga takarda manne a bango da hoton wani babban mawaƙi, wai zai yi wasa ranar Asabar. Muka haɗa kuɗin abincinmu muka biya ƙofa. Muka zauna har sha ɗayan dare yara na ta tsalle a dandamali, ana ce mana yana hanya. Ashe mutumin ko labari bai ji ba, masu karɓar kuɗin kuwa tuni sun sulale. Garin kwaki muka sha har ƙarshen wata. Tun daga ranar ba na biya sai na ji sanarwa daga bakin mawaƙin, ko na ga motar makaɗansa a ƙofa. A Kano akwai hukumar tace fina-finai da aka kafa a 2001, wadda ke sa ido kan 'yan fim da mawaƙa, ga kuma Hisba. Wasan da ba shi da izini ana iya tashinsa ana tsakiyar yi, kuɗinka ya bi ruwa.

Saura maganar aljihu da ta rai. Kada ka kuskura ka shiga taro da kuɗin hatsi a jikinka. Ka bar su a banki ko wurin mai masauki, ka ɗebi abin da ka yi niyyar kashewa kawai. Maroƙi gwani ne, da ya ji daga Malumfashi kake zai kira ka sarkin noma, kafin ka farga kuɗin buhu biyu sun tafi. Sannan ka sani, dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana liƙa naira da watsa ta da tattaka ta a wurin biki, hukuncin kuwa ɗaurin wata shida ne ko tarar naira 50,000 ko duka biyun, kuma an ɗaure mutane a kan haka a 2024. In za ka yi kyauta, miƙa a hannu, sanƙira zai faɗa kowa ya ji.

Abu na ƙarshe, kowa ya san halin da hanyoyinmu na kudancin Katsina suka shiga a 'yan shekarun nan. Idan wasa ya kai dare, kwana a birni, ka kamo hanya da safe. Babu waƙar da ta kai iyalinka su kwana suna jiran ƙarar mota.

Da fatan mun amsa maka, Malam. Idan ka je ka gani, rubuto mana yadda ka tarar, sauran masu saurare su ƙaru. A gaida mutanen Malumfashi da Funtuwa da Bakori da Ƙafur. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.